Wa Ke Sauraron Wa? Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙididdigar Masu Sauraro da Sauya Kiɗa a Gidajen Rediyon Kano

Ba a daɗewa a Kano ba a ji an ce tasha kaza ta ɗauke filin waƙoƙinta na dare ta sa wani abu a madadinsa, ko kuma tana shirin rage kiɗan Turanci ta ƙara na Hausa. Da zarar maganar ta fito sai a raka ta da cewa ƙididdiga ce ta nuna. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sauraro, da ƙananan 'yan kasuwa masu kai talla, da matasan mawaƙa suka fi yi a kan wannan batu.

Tashoshin rediyo nawa ne a Kano, kuma yaya aka yi suka yi yawa haka?

Sun haura ashirin a zangon FM kaɗai. Kafin 1992 gwamnati ce kawai ke da ikon buɗe gidan rediyo a Nijeriya. A shekarar ne gwamnatin Janar Babangida ta yi doka mai lamba 38, wadda ta kafa hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ƙasa, wato NBC, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994. Abin da mutumin Kano ya tashi da shi kafin nan shi ne Rediyon Kano da ke Gidan Bello Dandago, da Rediyon Tarayya na Kaduna, sai BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus a gajeren zango.

Freedom Radio, da ta soma aiki a Sharaɗa a 2003, ita ce ta nuna wa kowa cewa tasha mai zaman kanta za ta iya tsayawa da ƙafarta da shirye-shiryen Hausa. Daga nan aka yi ta buɗewa. Yau in ka murɗa akwatinka daga ƙasa zuwa sama za ka ratsa Dala a mita 88.5, Rediyon Kano a 89.3, Express a 90.3, Vision a 92.5, Arewa a 93.1, Guarantee a 94.7, Wazobia a 95.1, Cool a 96.9, Rahma a 97.3, tashar Jami'ar Bayero a 98.9, Freedom a 99.5, Premier a 102.7, Pyramid a 103.5, Aminci a 103.9, da Raypower a 106.5, ban da wasu da dama. Masu rabon kuɗin talla sun ninka sau da yawa, kuɗin kuwa bai ninka haka ba. Duk sauran tambayoyin nan daga wannan matsin suka taso.

Kusan kowace tasha tana cewa ita ce kan gaba. Wacce ce ke faɗin gaskiya?

Zai yiwu uku ko huɗu a cikinsu duk gaskiya suke faɗa, saboda ba abu ɗaya ake aunawa ba. Akwai yawan mutanen da suka kama tashar ko da sau ɗaya ne a mako. Akwai kason da tashar ta samu a cikin dukkan masu sauraro a wani lokaci, a ce tsakanin bakwai da tara na safe. Akwai kuma tsawon lokacin da mutum ke yi bai murɗa ba. Tashar da kowa ke leƙawa don labaran dare na minti goma sha biyar tana iya zama ta ɗaya a awon farko, alhali wata da teloli da direbobi ke bari a kunne tun hantsi har la'asar ta fi ta nesa a awo na uku.

Sannan sai a tambaya: a wajen su wa? Ta ɗaya a wajen samarin da ba su kai talatin ba daban take da ta ɗaya a wajen matan aure. Ta ɗaya a Sabon Gari da Nomansland ba lallai ta zama ita ce ta ɗaya a Jakara ko Kurna ba. In tasha ta ce ita ce kan gaba, ba ta faɗi wanda ya auna ba, da lokacin da aka auna, da waɗanda aka tambaya, to kirari ne. Kirari ba laifi ba ne, amma ba a yanke shawarar kashe kuɗi a kansa.

To yaya ake ƙidaya masu sauraron rediyo, tunda akwatin ba ya aika wa kowa rahoto?

Nan ne gizo ke saƙar. Na'urar watsa shirye-shirye tana tura murya cikin iska ne kawai, ba ta san ko mutum goma ne suka kama ko miliyan ba. Dole sai an bi mutane an tambaye su. A manyan biranen Amurka kamfanin Nielsen yana raba wa zaɓaɓɓun mutane wata 'yar na'ura da suke yawo da ita, tana tsintar wata ɓoyayyiyar alama da tashoshi ke sakawa cikin sautinsu. A Ingila hukumar RAJAR, wadda aka kafa a 1992, tana sa mutane su rubuta abin da suka saurara na tsawon mako guda, kuma duk wata uku ana buga sakamakon kowa ya gani.

A Nijeriya kamfanoni masu zaman kansu ne ke yin aikin su sayar da sakamakon. Media Planning Services na Legas yana da binciken da ake kira AMPS, wanda manyan kamfanonin talla suka daɗe suna dogaro da shi. GeoPoll kuma yana aika tambayoyi ta saƙon waya. A 2021 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa ta zaɓi kamfanin da zai kafa tsarin awo na ƙasa baki ɗaya, amma mai sauraro a Kano bai saba ganin wani jadawali da ake bugawa a fili lokaci-lokaci irin na Ingila ba.

Hanyoyin da ake bi a nan duk sun rataya ne a kan abin da mutum ya tuna da kuma wanda aka samu aka tambaya. Ɗauki na farko. Bakano yakan tuna shiri da mai gabatar da shi fiye da sunan tasha. Ka tambayi dattijo abin da ya ji jiya da dare, zai ce maka Inda Ranka, ko ya kira sunan mai gabatarwar da yake so. In mai gabatarwar nan ya sauya wurin aiki, kamar yadda ake yawan yi a Kano, za a iya daɗewa ana rubuta wa tsohuwar tasharsa ladan da ba nata ba. Haka wanda ya ji labaran BBC ta wata tashar FM zai ce BBC ya saurara, tashar da ta ɗauko masa ta tashi a tutar babu.

Na biyun, wato batun wanda aka samu aka tambaya, ya fi girma. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya zazzage buhu don ya san abin da ke ciki, soka ƙarfe yake yi ya zaro 'yan ƙwayoyi. Amma yana sokawa sama da tsakiya da ƙasa, don ya san wanda ya duba bakin buhu kaɗai yana iya kwasar tsakuwa zuwa gida. Bincike ma haka ne. In tambayar ta zo ta saƙon waya da rubutun boko, an riga an zubar da tsohuwar da ba ta karanta saƙo, da mai karatun allo da ajami kaɗai ya iya. In masu binciken maza ne da ke tare mutane a bakin titi, ba za su shiga gidan da aka rubuta ba a shiga ba, alhali a cikin gidajen nan rediyo ya fi daɗewa a kunne.

Ga kuma batun yawan waɗanda aka tambaya, wanda lissafi ne tsantsa. In mutum 400 aka tambaya, ko da an zaɓo su yadda ya kamata, sakamakon na iya kaucewa da kusan maki 5 cikin 100 sama ko ƙasa. In 1,000 ne, kusan maki 3. Saboda haka a ce wata tasha ta samu kashi 18 wata ta samu 15 a ƙaramin bincike, ba a nuna cewa ɗaya ta fi ɗaya ba. Kuma binciken da aka yi wa ƙasa baki ɗaya, in aka tsamo na Kano kaɗai, aka sake tsamo na mata 'yan ƙasa da shekara talatin, mutanen da suka rage ba su da yawan da za a gina hukunci a kansu.

Me ya sa ba a fito da sakamakon a fili?

Domin haja ce. Wanda ya kashe kuɗi ya yi binciken sayarwa yake yi, wanda ya saya kuma shafin da ya yi masa daɗi kawai yake nunawa.

Yawan masu bugo waya da masu kallo a Facebook ba hujja ba ce?

Hujja ce, amma ta abu kaɗan. Duk wanda ya saba jin filayen kiran waya a Kano ya san akwai muryoyin da ke dawowa kullum. Za ka ji mutum ɗaya da safe a wannan tasha, da rana a waccan, da dare kuma a ta uku, har masu gabatarwa sun haddace sunansa da unguwarsa. Waɗannan masoya ne na gaske, su ne magadan 'yan zaɓi-sonka na da masu aika kati, kuma tasha na bukatarsu. Amma mutum ɗari masu kati a waya da lokacin jiran layi ba su ne birnin Kano ba.

Ka leƙa shagon ɗinki a Fagge da hantsi. Rediyo na rataye a ƙusa, an ɗaure eriyarsa da waya, keke huɗu na aiki, ga yara masu koyo biyu, ga wanda ya zo karɓar kaya ya zauna jira. Mutum bakwai ke nan a kan akwati ɗaya, kuma babu wanda zai ajiye almakashi ya buga waya. Ko ka dubi uwargida a tsakar gida, ta jingina ƙaramar waya mai tocila a bakin taga tana wanke-wanke, 'yarta na tsince shinkafa, maƙwabciya ta shigo aron turmi ta tsaya sai filin ya ƙare. Babu ɗayansu da za ta bayyana a ƙididdigar Facebook. Su ne kuma ke yanke shawarar irin sabulu da magi da maganin sauro da za a saya a gidan, wato ainihin mutanen da mai talla ke nema.

Wannan ne abin da ya fi damuna a duk maganar sauya kiɗa. Masu amo a intanet galibi samari ne masu manyan wayoyi, kuma su ne suka fi kowa samun waƙa ta wata hanyar. Waɗanda rediyo ne kaɗai abokin hirarsu su ne ba a jin ta bakinsu. In manaja ya zauna ya duba sharhin da aka rubuta a shafin tasharsa ya ce jama'a sun gaji da kalangu, to ya saurari waɗanda suka fi saurin barinsa, ya yi watsi da waɗanda ba su taɓa barinsa ba.

Me ake nufi da tsarin kiɗan tasha? Tashoshinmu suna da shi?

A ƙasashen da harkar ta samo asali, tasha kan zaɓi nau'in kiɗa ɗaya ta tsaya a kansa dare da rana, ta yadda duk lokacin da ka kama ka san abin da za ka ji. A Kano kaɗan ne suka yi kusa da haka. Cool FM ta fi karkata ga Turanci da kiɗan zamani, Wazobia ta shahara da Turancin buroka, Arewa Radio kuma da Hausa, kuma ukun gida ɗaya ne, an raba su ne don kowacce ta kama nata mutanen.

Yawancin sauran tashoshin fili-fili suke tafiya: karatun Alƙur'ani da wa'azi da asuba, labarai, hirar safe, filin mata, sanarwa, siyasa da dare, waƙa kuma tana shiga tsakani ko a ba ta awa guda. Saboda haka in aka ce tasha a Kano za ta sauya tsarin kiɗa, da wuya a ce ta juye gaba ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne a rage wani fili, a tura wani zuwa tsakar dare, ko a sauya irin waƙoƙin da ake cike gurbi da su. A hankali ake yi, shi ya sa mutane da yawa ba sa lura sai abin ya yi nisa.

Mene ne ke sa tasha ta yi irin wannan sauyi?

Kuɗi ne kan gaba, ƙididdiga na biye. Gidan rediyo wuta yake ci ba dare ba rana: na'urar watsawa, na'urorin sanyaya ta, situdiyo. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, a watan Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. Ga man janareta, ga albashi, ga kuɗin lasisi. A watan Agustan 2022 NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 a faɗin ƙasa saboda bashin da ya haura naira biliyan 2, kafin daga baya ta jingine matakin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda aljihun gidajen yake.

To a irin wannan hali, awa guda ta waƙa ba ta kawo ko sisi sai in wani ya ɗauki nauyinta. Awa gudan nan kuwa in aka sayar wa ɗan siyasa, ko mai maganin gargajiya, ko makaranta mai neman ɗalibai, kuɗi ne a hannu. Shi ya sa abokin hamayyar filin waƙa a Kano ba wani nau'in waƙar ba ne, filin da aka saya ne. Da kakar zaɓe ta matso, sojojin baka, wato masu shiga rediyo suna kare 'yan siyasa, kan cika dare, waƙar da ta rage kuma ta jam'iyya ce.

Wani lokacin kuma gurbi ne ke buɗewa ba shiri. Da Muryar Amurka ta dakatar da shirye-shiryenta a watan Maris na 2025, tashoshin da ke ɗauko sashenta na Hausa sun wayi gari da lokacin da dole su cike da wani abu.

Ai matasa sun koma waya. Ba gara tashoshi su bi su da sababbin waƙoƙi ba?

Gaskiya ne saurayi ba ya jiran rediyo don ya ji sabuwar waƙa. Tun kafin data ta yi araha, masu turi a Farm Centre da bakin kasuwanni suna cika wa mutum memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗi kaɗan. Yanzu ga TikTok da YouTube da Audiomack. Ɗan adaidaita-sahu ya haɗa wayarsa da sifika, shi ne mai zaɓen abin da fasinja za su ji.

Amma daidai wannan ne ya sa nake ganin bin su da gudu ba dabara ba ce. Tashar da ta ce za ta yi tsere da waya wajen sabuwar waƙa ta makara tun kafin ta fara, domin waƙar ta zaga gari kwana uku kafin ta iso situdiyo. Abin da waya ba ta da shi shi ne mutum. Mai gabatarwa da ya san kiɗa, ya gaya maka wanda aka yi wa waƙar da dalilin yin ta, ya warware maka wani karin magana da ke ciki, ya miƙa gaisuwar wata baiwar Allah daga Ɗorayi zuwa ga ƙanwarta a Rijiyar Lemo. Matasan ma suna dawowa rediyo don irin wannan, kamar yadda suke dawowa don sharhin ƙwallo. Tashar da ta sallami irin wannan ma'aikaci ta bar kwamfuta tana jero waƙoƙi ta rage kuɗin albashi, amma ta zama memorin da ba ka da ikon tsallake waƙar da ba ka so.

Wane irin kiɗa ne zai ƙaru, wanne zai ragu?

In aka bar abin ga kasuwa, waƙoƙin soyayya na situdiyo, irin waɗanda suka taso tare da fina-finan Hausa ake ce musu nanaye, su ne za su ci gaba da mamaye rana, saboda suna da yawa, kullum ana fitar da sababbi, kuma mata da matasa na son su. Kiɗan kudu na zamani yana da ƙarfi a tashoshin Turanci. Ƙasidu da bege suna da masu sauraro masu aminci, ba a watan Maulidi kaɗai ba. Gambarar zamani ta samari tana samun wuri kaɗan-kaɗan. Waƙoƙin Indiya, da Kano ta daɗe tana ƙauna, yawanci fili na musamman ake ware musu.

Wanda ke cikin haɗari shi ne kiɗan gargajiya: kalangu, kotso, taushi, kukuma, garaya, gurmi, amada ta mata. Dalilin a fili yake. Waƙa ɗaya takan ci minti goma sha biyar ko ashirin, ba ta barin wurin talla. Naɗin tsoho ne, sautin ba ya fita tas. Kuma babu wani mai tallata mawaƙi da ke zarya gidan rediyo a kanta.

Doka ta tanadi wani abu game da waƙar da za a sa?

E. Kundin ƙa'idojin NBC ya ce kashi 80 cikin 100 na kiɗan da tasha ke sawa ya zama na Nijeriya. Sai dai a lura, na Nijeriya aka ce, ba na Hausa ba, don haka tasha na iya cika sharaɗin da waƙoƙin Legas zalla. Kundin ya kuma hana sa waƙar batsa ko mai tunzura jama'a, kuma hukumar kan ayyana wasu waƙoƙi a matsayin waɗanda ba za a watsa ba.

A Kano akwai ƙarin mataki. Hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jiha, wadda aka kafa a 2001, tana sa ido a kan mawaƙa da abin da suke fitarwa. Lasisin tasha a hannun tarayya yake, amma babu manajan da zai so ya sa waƙar da za ta jawo masa huɗubar Juma'a. Wannan tsoron ya fi kowace takarda tasiri a kan abin da ake ji. Akwai kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda a ƙarƙashinta mai waƙa ke da haƙƙi in an watsa aikinsa, kuma ƙungiyar kare haƙƙin mawaƙa ta MCSN na karɓar kuɗin wannan haƙƙi a madadin mambobinta.

Ni sabon mawaƙi ne. Sai na biya za a sa waƙata?

Ka bambance abu biyu. Sayen fili a ofishin kasuwanci na tasha, a ba ka rasit, a sa waƙarka a matsayin talla, ciniki ne halal. Miƙa wa mai gabatarwa wani abu a ɓoye don ya riƙa sa ta yana cewa jama'a ne suka nema, wannan yaudarar mai sauraro ce, kuma Amurka ta haramta irinsa tun 1960. Illarsa ba ta tsaya kan aljihunka ba. In waƙar da aka biya ce ke yawo, sai tasha ta ɗauka ita ake so, ta gina tsarinta a kan ƙarya.

Ka kai aikinka ga shugaban sashen shirye-shirye, da sauti mai kyau, da sunanka da na wanda ya yi kiɗan a rubuce. Ka nemi filin da ya dace da irin waƙarka maimakon ka ce a sa ko'ina.

Me ya sa kiɗa ke ɓacewa da azumi?

Wannan ba sauyin tsari ba ne, al'adar gari ce. Tafsiri kan karɓe yawancin lokaci, masu ɗaukar nauyi ma can suke komawa, da Sallah kuma kiɗan fada da na hawa su dawo. Abin lura kawai shi ne binciken da aka yi cikin Ramadan ba ya nuna yadda ake sauraro a sauran watanni.

Ina tsofaffin waƙoƙin da muke ji a da? Sun ɓace ne?

Wasu na nan, wasu sun tafi. Manyan makaɗan Hausa da yawa a situdiyon gidajen rediyon gwamnati aka naɗe su, musamman Kaduna da Kano, a kan faifai da zaren naɗi. Zaren nan ba ya jure zafi da ƙura da damshi, injinan da ke juya shi kuma sun zama sai an tona. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Duk abin da ya lalace daga naɗinsu babu mai sake rera shi.

A nan nake ganin tashoshin Kano suna zaune kan dukiya suna neman ta a waje. Sabuwar waƙa kowa na da ita. Tsohon naɗi mai kyau, da mai gabatarwar da ya san tarihinsa, tasha ɗaya ko biyu ne kawai za su iya kawowa. Kwafe waɗannan faifai zuwa kwamfuta aiki ne da sashen koyar da aikin jarida da na harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero za su iya haɗa hannu da gidajen rediyo a kai, kuma 'yan kasuwar Kwari da Singa da suka tashi da wannan kiɗa ba za su ƙi ɗaukar nauyin filinsa ba in an je musu da magana mai tsari. Abin da ake bukata shi ne a ba shi lokacin da mutane ke farke, ba ƙarfe ɗayan dare ba, sannan a dawo a ce ba shi da masu sauraro.

Yaya zan gane tashata na shirin sauyawa?

Filin da ka saba ji ya fara gajarta, ko a riƙa ɗage shi saboda wani shiri na musamman. Mai gabatarwar ya tafi hutu bai dawo ba. An sauya kiɗan taken tasha. Maimaici ya yi yawa. In biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, akwai magana a ƙasa.

In aka cire filin da nake so, akwai abin da zan iya yi?

Akwai, kuma ya fi tasiri fiye da yadda ake zato, tunda tashoshin ba su da wani awo mai ƙarfi da za su ƙaryata ka da shi. Ku rubuta takarda zuwa ga shugaban tashar, ba ga mai gabatarwa ba, don shi ma umarni aka ba shi. Ku faɗi sunan filin, da ranar da lokacin da ake sa shi, da inda kuke sauraro da yawanku: majalisa ce, shago ne, ko ƙungiyar mata ta unguwa. Takarda ɗaya mai hannun mutum talatin daga layin teloli ta fi saƙo ɗari a Facebook nauyi, saboda manaja zai iya ɗaukarta ya nuna wa mai talla. In akwai iyaye mata a gida da ke jin filin, a tambaye su a sa sunansu. In kuma abin da ya dame ku batsa ce ko cin mutunci a waƙar da aka sa, NBC na karɓar ƙorafi, sai ku riƙe rana da lokacin da aka watsa.

Ina da ƙaramin shago, ina so in kai talla. Wace tasha zan zaɓa tunda ƙididdigar ba ta da tabbas?

Yi naka awon, Alhaji, ba ya cin kuɗi. Mako guda kana tambayar duk wanda ya shigo shagonka filin da ya fi ji da lokacin da yake ji, yaronka na rubutawa a littafi. Filin za ka tambaya, ba tashar ba. In kayanka na mata ne, matan da ke saye za a tambaya, ko a sa mai ɗakinka ta tambayi na unguwa.

In ka je tashar suka nuna maka takardar ƙididdiga, ka nemi sanin kamfanin da ya yi ta, da watan da aka yi, da yawan mutanen da aka tambaya a cikin Kano, da yadda aka same su. Sannan ka gwada da kaɗan: tasha biyu, mako biyu kowacce, ba a lokaci ɗaya ba, kuma a kowace talla ka sa wata alama daban, a ce wanda ya ambaci kalma kaza za a rage masa wani abu. Ka nemi a rubuta maka ranaku da lokutan da za a sa tallar a jikin rasit, ka sa wani ya saurara ya tabbatar an sa. In filin da ka saya aka ɗage shi ko aka sauya irin waƙoƙinsa a tsakiyar yarjejeniya, kana da damar neman a mayar maka da tallar wani lokacin da ya yi daidai da wanda ka biya.